Labarin Ginin Birnin Sakkwato da Abin da ke Tsai da Birane

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinsa ba shi gushewa, wanda ke gina alƙarya da hannun bayinsa, shi mai da ta kufai in ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wagga takarda na rubuta ta ga almajiranmu na Garu, cikin ƙasar Illela, da wanda duk ta isa gare shi daga cikin masu neman ilimi. Sababin rubuta ta, wani almajiri ya tafi ziyarar Hubbare, ya komo ya ce mini: "Malam, na ji ana cewa Ƙofar Kware, da Ƙofar Rini, da Ƙofar Marke, na duba ban ga ganuwa ba. Ina ta tafi?" Kafin in buɗe baki sai wani ɗan'uwansa ya ce, ai Sakkwato tun zamanin Bayajida take, kuma tana nan har tashin ƙiyama. Sai na ga maganarsa ta tara kuskure biyu, ɗaya bisa abin da ya wuce, ɗaya bisa abin da ke zuwa, na biyun kuwa ya fi na farko hatsari. Don haka na nemi taimakon Allah, na tsara wanga bayani bisa gabatarwa, da fasali biyar, da cikawa.

Gabatarwa, cikin abin da malamai sunka ambata na sharuɗɗan birni

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah shi datar da mu da kai, malam Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Masar shekara 808 daga Hijira (1406), ya yi magana cikin Muƙaddima tasa bisa abin da mai kafa birni za shi kula da shi. Ma'anar maganarsa tana komawa ga abu biyu, tunkuɗe cuta da jawo amfani. Tunkuɗe cuta shi ne ganuwa, da wuri mai wuyar hawa ga abokin gaba, da iska mai kyau wadda ba ta kawo ciwo. Jawo amfani shi ne ruwa kusa, da makiyaya ga dabbobi, da ƙasar noma, da itacen wuta da na gini. Sa'an nan ya ƙara wani abu. Birnin da daula ta gina shina iya mutuwa tare da ita, sai fa in akwai ƙauyuka kewaye da shi waɗanda ke zuba masa mutane da abinci ba yankewa.

Misalin wannan cikin labarin Abbasiyawa shi ke. Halifa Mansur ya zana Bagadaza shekara 145 (762), ya gina ta kewayayya da ƙofa huɗu, ga ta nan har yau, ko da yake Tattar sun ci ta shekara 656 (1258). Halifa Mu'utasim ya gina Samarra shekara 221 (836) domin rundunarsa, halifofi sunka zamna cikinta shekara hamsin da 'yan kai, da sunka koma Bagadaza sai mafi yawanta ya zama kango. Dukansu biyu sarki ya zana su, dukansu bisa kogin Dijla suke. Riƙe wanga misali, za ka bukace shi nan gaba.

Fasali na farko, cikin biranen da sunka gabaci Sakkwato

Ka sani ƙasar gulbin Rima ta ga manyan birane kafin a aza tubali ɗaya a Sakkwato. Na farkonsu da za mu ambata Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, wanda ya fita daga ɗa'ar Askiya Muhammadu na Sanwai wajen shekara 1517. Ya gina ta da dutse, ganuwa bayan ganuwa, har sarakuna na nesa sunka ji tsoronta. Bayan kamar shekara ɗari biyu Kabawa sunka tashi daga gare ta, sunka koma Birnin Kabi. Duwatsun ganuwarta suna nan yamma da Sakkwato, ba mai kwana cikinsu sai namun daji.

Na biyu Birnin Zamfara. Gobirawa sun gangaro daga arewa, Sarkin Zamfara ya ba su masauki bakin gulbi, sunka yi ta ƙaruwa, har Babari Sarkin Gobir ya juya ya ci Birnin Zamfara bayan shekara 1760 da kaɗan. Masaukin nan nasu shi ne Alƙalawa, birni na uku, wanda ya zama gidan sarautar Gobir. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, da Yaƙuba, da Nafata, da Yunfa.

Alƙalawa ba ta rasa kome ba daga sharuɗɗan da munka ambata. Tana da ganuwa, da ruwa, da fadama, da dawaki masu lifidi. Abin da ya rage mata shi ne abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi yarda da shi, ya roƙi Bawa ranar idi a Magami, sa'ad da ya ƙi karɓar dukiyar da anka ba malamai. Ya roƙi a bar shi shi kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsawa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amsa. Amma Nafata ya zo ya hana rawani da lulluɓi, ya hana wa'azi ga kowa sai Shehu kaɗai, Yunfa kuma ya aika da yaƙi Gimbana bisa jama'ar malam Abdussalami. Daga nan abin da ya faru ya faru.

Fasali na biyu, cikin zaman Jama'a ba birni, da zaɓen wurin

An haifi Shehu a Maratta, gabas da Birnin Ƙonni, shekara 1168 (1754). Ya girma ya karantar a Degel, kudu da mu nan, cikin ƙasar Gwadabawa. Degel kuwa zangon malamai ce, ba ta da ganuwa. Ya yi hijira daga gare ta zuwa Gudu cikin Zulƙida shekara 1218 (Fabrairu 1804), a can anka yi masa caffa ƙarƙashin itacen faru. Sa'an nan anka ci Matankari da Ƙonni, anka yi yaƙin Tabkin Kwatto, malam Abdullahi ƙanen Shehu shina jan runduna.

Ka lura da wannan ƙwarai. Shekara biyar Jama'a ba su da birnin kansu. Sun tashi daga Gudu don yunwa, sunka sauka Magabci, sunka sauka bisa tudun Sakkwato tana ƙaramin ƙauye, sunka wuce wajen Alƙalawa. A Tsuntsuwa anka kashe musu mutane masu yawa, cikinsu da mahaddatan Alƙur'ani wajen 200. Sunka koma Sabon Gari cikin Zamfara, daga nan sunka ci Birnin Kabi shekara 1805, sunka zamna Gwandu. Cikin wanga yawo duka littattafai suna bisa raƙuma da shanu, ana karatu, ana hukunci, ana rubuta takardu zuwa ga masu tuta na Katsina da Kano da Zazzau da Daura. Shehu ya wallafa Bayanu Wujubil Hijira cikin wanga hali, shekara 1221 (1806). Ashe shari'a da makaranta sun riga ganuwa zuwa.

Cikin Sha'aban shekara 1223 (Oktoba 1808) Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ci Alƙalawa, anka kashe Yunfa. Ga birni ginanne, ga gidan sarki, ga kasuwa. Masu tuta na gabas sun zamna cikin tsofaffin birane, Kano da Katsina da Zariya. Amma Bello bai zamna Alƙalawa ba. Ya komo ga tudun nan da sunka taɓa sauka bisansa, ya fara ginin ganuwa shekara 1224 (1809).

In ka auna wurin da ma'aunin Ibnu Haldun za ka ga hikimar zaɓen. Tudu ne mai tsawo bisa magamar gulbin Sakkwato da gulbin Rima, ambaliya ba ta hawansa, mai tsaro shina hangen ƙurar doki tun daga nesa. Ƙarƙashinsa fadama ce mai faɗi, ta shinkafa da albasa da rake, da ciyawa ga dawaki cikin rani. Kuma wurin shina tsakanin Gobir da Kabi da Zamfara, gefen kowace ƙasa, ba gadon gidan sarauta ko ɗaya ba ne. Wanda ya shiga gidan wani sarki shikan gaji bayinsa da fadawansa da al'adunsa, ko ya so ko ya ƙi. Wanda ya sari daji kuwa, abin da ya shuka shi za shi gani.

Wanga tsoro na gadon al'adun sarauta tsoro ne na gaskiya. Malam Abdullahi da kansa, tun shekara 1222 (1807), ya ga son duniya ya fara shiga zukatan waɗansu, na dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai, har ya bar runduna da nufin tafiya gabas. Mutanen Kano sunka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami bisa yadda ake hukunci, sa'an nan ya komo. Ya faɗi wanga labari da bakinsa cikin Tazyinul Waraƙati.

Fasali na uku, cikin yadda birnin ya cika

Sa'ad da Bello ke gini, Shehu ya tashi daga Gwandu ya zamna Sifawa shina karantarwa, Abdullahi kuma ya zamna Boɗinga kusa da shi. Shekara 1227 (1812) Shehu ya raba al'amari, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Cikin wagga shekara Bello ya gama Infaƙul Maisuri, littafin da ke ɗauke da labarin ƙasashen nan da na jihadi. Shekara 1230 (1815) Shehu ya taso ya shigo Sakkwato, anka ƙara ganuwa wajen yamma don ta ɗauki jama'arsa, anka kira wagga unguwa Sabon Birni. Ya rasu cikinta ran 3 ga Jimada Sani shekara 1232 (Afrilu 1817), anka rufe shi cikin gidansa. Shi ne Hubbare.

Anka yi wa Bello caffa. Tun ba a daɗe ba fitina ta taso daga Kware, arewa da birni, bisa hanyarmu ta Illela. Malam Abdussalami, wanda saboda jama'arsa anka fara hijira, ya ga an tauye shi ga rabon ƙasa, ya yi tawaye. Sunka yi musayar takardu shi da Bello, magana ba ta ƙare da alƙalami ba, anka ci Kware shekara 1818. Na ambaci wannan don ka san birnin bai tashi cikin kwanciyar hankali ba, kuma mutanen farko, da darajarsu, 'yan Adam ne, saɓani ya shiga tsakaninsu.

Bello ya san ganuwa ba ta ciyar da kowa. Cikin Usulus Siyasa, wadda ya rubuta ga Umaru Dallaji Sarkin Katsina, ya yi wasiyya shugaba shi kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, shi zaunar da su cikin kowane gari, shi gyara kasuwanni da hanyoyi. Abin da ya faɗa ga wani shi ya aikata ga kansa. Unguwanni sunka tashi bisa sana'a da bisa gidajen manya, kamar Gidaɗawa, unguwar Waziri Gidaɗo ɗan Laima da zuriyarsa. Majema da dukawa sunka shahara da fatar jar akuya, wadda fatake ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko don daga can take isa gare su. Azbinawa suna kawo gishiri, 'yan Gwanja suna kawo goro, Kano tana aiko da tufafi.

Kuma gaskiya ba a rufe ta. Da yawa daga hannuwan da sunka ɗebi ƙasa sunka yi ganuwa, sunka nome gandaye da rumada kewaye da birni, hannuwan kamammun yaƙi ne, da bayin da sarakunan gabas ke aikowa cikin gaisuwar shekara. Jikokinsu suna cikin mutanen Sakkwato yau. Wanda ya ƙidaya maginan birni ya tsallake su ya yi ƙwauron mudu.

Shekara 1239 (1824) wani Bature ɗan Birtaniya ya iso, sunansa Kilafatan, shina kiran kansa Abdullahi. Ya rubuta ya ga ganuwa mai tsawo, da ƙofa 12 waɗanda ake rufewa da faɗuwar rana, da manyan masallatai biyu. Birnin a sa'an nan shekararsa 15 kaɗai. Ya komo shekara 1826, ya kawo wa Bello littattafan Larabci, cikinsu da littafin Iƙlidis na handasa, Bello ya gaya masa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, gobara ta ci shi. Baturen ya rasu nan shekara 1827. Ƙofofin da sunayensu sunka tabbata ga bakin mutane takwas ne, Kware, da Rini, da Marke, da Taramniya, da Atiku, da Aliyu Jeɗo, da Kaɗe, da Dundaye.

Ilimi kuma bai tsaya ga zaurukan maza ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, matar Waziri Gidaɗo, wadda ta rasu shekara 1864, ta naɗa jajis, tsofaffin mata amintattu, suna zuwa daga ƙauyuka da 'yan taru, su karɓi karatu cikin waƙa da Hausa da Fulatanci, su koma su karantar da matan garuruwansu. Da wanga hanya birnin ya ɗaure ƙauye ga jikinsa da igiyar da ta fi ta haraji ƙarfi.

Fasali na huɗu, cikin fitar sarauta daga birni

Yanzu komo ga misalin Samarra. Gobirawa da Kabawa da Azbinawa ba su bar yaƙi ba, don haka Bello ya kafa ribaɗi bisa iyakoki, garuruwa masu ganuwa inda mayaƙa ke zamna da iyalinsu, suna noma suna tsaro. Ya zaunar da Fulani makiyaya cikinsu, ya sa musu limamai da malamai. Babban ribaɗinsa Wurno, gabas maso arewa da Sakkwato, bisa gulbin Rima. Can ya zaɓi zama ga ƙarshen rayuwarsa, can ya rasu cikin Rajab shekara 1253 (Oktoba 1837), shekara guda bayan yaƙin Gawakuke, can kabarinsa shi ke. Magini bai kwanta cikin birnin da ya gina ba.

Bayansa ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ya zamna Wurno. Ahmadu ɗan Atiku, daga 1859 zuwa 1866, ya zamna Cimmola. Waɗansu daga bayansu sunka koma Wurno kuma. Sa'ad da Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya zo shekara 1853, a Wurno ya iske fada, ya zo Sakkwato ya ga kasuwarta, ya yabi aikin fata da na ƙarfe da ke cikinta. Ɗan Ahmadu, Muhammadu Maiturare, Marafa, shi ya kafa Gwadabawa, ya tsare wagga ƙasa tamu ta arewa har mutane sunka samu zama sunka sari gonaki, daga baya ya zama Sarkin Musulmi shekara 1915.

To, ga tambaya. Fada ta fita daga Sakkwato shekaru masu yawa, me ya hana ta zama kamar Samarra? Abin da na gani, abu uku ne. Na ɗaya, Hubbare da masallatai da zaurukan karatu ba su tashi tare da fada ba, mai ziyara da mai neman ilimi ba su yanke ba daga Adamawa har Liptako. Na biyu, fadama da ƙauyuka suna ciyar da ita, ribaɗi suna tsare ƙauyukan. Na uku, masu sana'a sun kafu, abincinsu shina ga kasuwa, ba su jiran kyautar sarki. Samarra runduna ta riƙe ta, da runduna ta tashi sai mafi yawanta ya zama kango.

Fasali na biyar, cikin zuwan Nasara da abin da ya biyo

Tun Nasara ba su ga ganuwar Sakkwato da yaƙi ba sunka yi rabo da sunanta. Shekara 1898 Ingila da Faransa sunka yi yarjejeniya a birnin Faris, sunka kafa tsinke bisa Sakkwato cikin taswira, sunka auna mil 100, sunka zana baka wajen arewa, sunka ce nan ne iyaka. Shekara 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisa mai muni. Sa'an nan Faransa ta ga bakan nan ya hana ta hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, anka sake yarjejeniya shekara 1904 da 1906, anka jawo iyaka kudu, anka kafa duwatsu. Shi ya sa yau Ƙonni tana Nijar, Illela tana Nijeriya, alhali kakanni ɗaya ne, kasuwa ɗaya, makabarta kusa da makabarta.

Ran 15 ga Maris 1903, cikin Zulhajji shekara 1320, rundunar Ingila ta tsaya a Giginya, bayan ganuwa. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fito da jama'a. Igwa da bindiga mai ruwa sunka yi aikinsu tun rana ba ta yi tsaka ba. Ganuwar da ta tsare birnin daga doki da kibiya shekara 94 ba ta amfana kome ba ran nan. Attahiru ya ɗauki tuta ya yi gabas da nufin hijira, talakawa da malamai sunka bi shi tari, anka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin Nilu cikin Sudan, garinsu shina can da sunansa.

Waziri Buhari kuwa ya tsaya. Ya shawarci malamai, ya rubuta risala shina bayanin uzurinsa, cewa in kowa ya tashi ƙasa za ta wofinta daga salla da karatu da hukunci, raunana kuma waɗanda ba su iya tafiya su zama ba mai jiɓintarsu. Anka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba. Malamai sun yi saɓani bisa wanda ya fi dacewa tsakanin mai tafiya da mai zama, kowanensu shina da hujja, Allah shi jiƙan su duka. Amma birnin ya rayu ta hannun waɗanda sunka zamna. Shekara 1906 kuma mutanen Satiru, kudu da birni, talakawa da gudaddun bayi mafi yawansu, sunka tashi, anka rushe garinsu anka hana a sake zama cikinsa. Wannan ma cikin labarin Sakkwato shi ke, ko da yake baki ba shi son faɗinsa.

Nasara sunka yi barikinsu bayan ganuwa, sunka aje babban gidan mulkinsu a Zungeru, sa'an nan sunka tashi zuwa Kaduna shekara 1917, Zungeru ta koma ƙaramin gari. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano shekara 1911, ta isa Ƙauran Namoda shekara 1929, ba ta iso Sakkwato ba. Hukunci ya koma hannun wani, ciniki mai yawa ya bi wata hanya, duk da haka birnin bai mutu ba. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya riƙe gidan shekara 50, daga 1938 zuwa 1988. Waziri Junaidu, jikan gidan Gidaɗo, wanda ya rasu shekara 1997, ya tattara littattafan magabata ya rubuta tarihi. Shekara 1967 Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, shekara 1976 ta zama ta Jihar Sakkwato, anka cire Kabi daga gare ta shekara 1991, da Zamfara shekara 1996. Anka kafa jami'a cikinta shekara 1975, wadda ke ɗauke da sunan Shehu tun 1988. Gidaje sunka yi yawa sunka tsallake ganuwa ta kowace fuska, ruwan sama ya zaizaye ta, mutane sunka ɗebi ƙasarta sunka yi gini, anka fasa hanyoyin mota ta cikinta. Wagga ita ce amsar almajiri na farko. Ganuwa ta shiga cikin bangayen gidajen mutane, sunayen ƙofofi sunka saura.

Cikawa, cikin amsar almajiri na biyu

Ya kai mai cewa Sakkwato tana nan har tashin ƙiyama, wa ya ba ka wanga alkawari? Mutanen Surame sun yi zaton haka, da mutanen Alƙalawa, ganuwarsu kuwa ba ta gaza ta Sakkwato ba. Mun ga birnin ya rabu da fada ya rayu, ya rabu da mulki ya rayu, ya rabu da ganuwa ya rayu. Abin da bai taɓa rabuwa da shi ba tun 1809 shi ne karatu cikinsa, da manomi kewaye da shi, da mai sana'a cikin kasuwarsa. Waɗanga uku kuwa adalci ke riƙe su, domin malami ba shi zama inda ake sayen hukunci, manomi ba shi shuka inda ba shi da tabbacin girbi.

Abin da ke hana ni barci ke nan. Tun wajen shekara 2018 ɓarayin daji sunka addabi ƙasar Raba da Isa da Sabon Birnin Gobir da Goronyo, wuraren da magabata sunka tsare da ribaɗi. Ƙauyuka sun tashi, waɗansu sun ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi, waɗansu sun shigo birni suna kwana bakin hanya, gonakinsu sun koma saura. Kuma mu nan bakin iyaka mun ga yadda kasuwar Illela ta yi sanyi sa'ad da anka rufe iyaka shekara 2019, da kuma shekara 2023. Wanda ya ga birni shina cika da masu gudun hijira ya ce birni ya ƙaru, ya yi kama da wanda ya ga kumburi ya ce ƙiba ce. Sharaɗin da Ibnu Haldun ya ambata, na ƙauyukan da ke ciyar da birni, shi ne ake ci yanzu daga gindi.

Wasiyyata gare ku uku ce. Ku riƙi karatu da tahaƙiƙi, ku kwafi littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da hannunku, ku karanta su ga malami, kada ku wadatu da shafar bangon Hubbare. Ku riƙi sana'a tare da karatu, noma ko ɗinki ko fatauci, don kada bakinku shi zama na mai ba ku abinci. In Allah ya ɗora ɗayanku bisa alƙalanci ko limanci ko wata sarauta, shi tuna abu biyar da Shehu ya roƙa a Magami, shi duba ko talakan da ke gabansa zai roƙe shi irinsu yau. Garinmu sunansa Garu, kun kuwa ji abin da ya sami garun Kanta da na Bawa da na Bello.

Wanda ya kwafi wagga takarda shi kwafe ta duka, kada shi zaɓi mai daɗi shi bar mai ɗaci. Wanda ya ga kuskure cikinta shi gyara da alƙalami mai tausayi, shi roƙa wa mai rubutu gafara, da iyayensa, da malamansa. Allah shi jiƙan Shehu da Abdullahi da Bello da Asma'u, da waɗanda sunka ɗauki ƙasa bisa kawunansu ba a san sunayensu ba. Allah shi mai da masu gudun hijira gidajensu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi cika mu da imani. Amin.

Tamat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.